Masu tsohon garmaho a Jos ku yi hattara da wani mai sayar da allurar garmaho a Facebook

Salamu alaikum jama'a. Da na so in yi shiru in bar wa Allah, amma jiya na ji ya sake yi wa wani ɗan uwanmu a Unguwar Rogo, shi yasa na ce gara in faɗa kowa ya ji. Ba zan kama suna ba don yau sunan shafinsa daban gobe daban, salon dai ɗaya ne.

Marigayi babanmu ya bar mana garmahonsa Technics da faifai sun fi ɗari, yawanci waƙoƙin kuntigi da na kalangu, allurar ta cinye har murya ta fara shaƙewa. Na ga tallar wannan bawan Allah, hotuna tsaf a kwali, wai orijinal kai tsaye daga Amurka. Tambaya ɗaya ya yi mini, wane garmaho ne, na ce Technics, ya ce ai shikenan Alhaji duk Technics allurar kamfanin Shure suke ci, tura dubu 45 in ba direba ka karɓa a tashar Bauchi Road. Na tura. Kaya ya zo, na yi na yi ta ƙi shiga, na kira shi wai in danna da ƙarfi sanyin Jos ne ya sa robar ta ƙanƙance!

Allah ya taimake ni ban danna ba, na kwashi komai na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a wajen Terminus. Ya kalla ya ce yaro kai ma da laifinka, ba a sayen allura da sunan garmaho, da lambar kan da take shiga ake saye, wato ɗan akwatin nan da ke bakin hannu wanda suke ce wa katirij. Ya haska da tocilan sai ga AT95E a jiki, na kamfanin Audio-Technica, allurarsa ATN95E ce mai koriyar roba, ba abin da ya haɗa ta da Shure. Garmaho ɗaya za a iya canza masa kai sau goma a shekara 40, to ta ina mutumin da bai ga kan ba zai san allurarsa? Ya ce a Shure ma haka tsarin yake, kai M ne allura N, M44-7 na tafiya da N44-7 mai farar roba, M44G da N44G, M97xE da N97xE, shi kuma V15 Type III tasa VN35E. In lambar ta goge sai a duba siffa da launi da yadda aka ɗaura shi, ko mai sukurori 2 ne a sama ko irin wanda ake cusawa a bakin hannu da ake kira T4P.

Shi ɗan uwan namu na Unguwar Rogo nasa ya fi ciwo, don kansa M44-7 ne da gaske kuma allurar ta shiga, sai dai jabu ce, sandar da ke riƙe da tsinin allurar ta karkace, faifai 2 ta karce masa kafin ya ankara. Kuma wai an ce masa sabuwa ce fil kamfani ya buga bana. Bana ina? Shure sun daina yin kai da allurar garmaho tun 2018. Tsohon ajiya ana samu, kuma akwai kamfanoni irin su JICO na Japan masu yin madadi mai kyau da sunansu a jiki ba ɓoye-ɓoye, ni ban ga aibun madadi ba sam, aibun shi ne a saida maka na banza da kuɗin orijinal.

Abin dariya har wani mai kan Denon DL-103 ya yi wa tayin allura, alhali irin wannan kan ba a zare allurarsa a gida kwata-kwata, sai dai ƙwararru su sake dasawa. Mai kan ya san kayansa, ya tambaye shi lambar allurar, daga nan mai tallar ya yi masa bulok.

Don Allah kafin ku tura ko sisi ku ɗauki hoton kan ta gaba da ta gefe, ku ce ya faɗi lambar allurar da bakinsa, ya yi bidiyon kayan da takarda mai sunanku a kusa don hotunan nan na mutane ne yake kwasowa a intanet. In a Jos yake kamar yadda yake cewa ku haɗu ku gwada a kan faifan da ba ku damu da shi ba. Ni na nemi mu haɗu sau 3, kullum wai yana hanyar Abuja. Duk wanda ya tura masa kuɗi ya ajiye rasit ɗin taransifa ya yi mini magana ta inbos, muna so mu kai ƙara tare ranar Litinin in Allah ya kai mu.