Haɗin kuluti da ake sayarwa a Birnin Kebbi: zabibi ya yi, ƙyallen bai yi ba

Wani shagon kayan kek a Birnin Kebbi yana ƙulla haɗin kuluti a leda ɗaya. Kuluti kek ne na mutanen Sikotland wanda ba a gasawa, dafa shi ake yi cikin ruwa a ƙulle a ƙyalle, kuma daga kalmar ƙyalle a yarensu ya samo suna. Suna cinsa lokacin sabuwar shekara da bukukuwan gida.

A ledar akwai fulawa giram 250, garin busasshen biredi giram 125, zabibi giram 250, sukari, kirfa, citta, bekin fauda, bota da ƙyalle. Uwargida ce za ta kawo ƙwai 2 da madara cokali 4 zuwa 6. Zabibin mai laushi ne, babu tsakuwa, kirfar kuma da ƙamshinta. Nan dai shagon ya ciri tuta.

Botar ce ba ta dace ba. Asalin kuluti da kitsen ƙodar sa ake yinsa, domin ba ya saurin narkewa: sai ƙullin ya fara kama jikinsa sannan ya narke ya bar ƙananan ƙofofi. Bota kuwa tun ruwa bai yi nisa ba ta narke, sai abin ya fito da nauyi kamar kwanannen tuwo. A karɓo kitsen giram 125 wajen mahauci, a cire yanarsa, a goga shi da sanyinsa. Babu kuma baƙin ruwan rake da ake sa wa kuluti a cikin ledar, amma cokali 2 na narkakkiyar mazarƙwaila ya toshe wannan gurbin, har launin ya fi kyau.

Ƙyallen nasu shara-shara ne, ruwa zai ratsa. A nemi akoko ko farin alawayyo mai kauri, kamar santimita 60 kowane gefe. A tsoma shi a tafasasshen ruwa, a matse, a shimfiɗa, a barbaɗe shi da fulawa sosai. Wannan fulawar ce ke zama fatar kuluti, ita ke tare ruwa, kuma takardar bayanin dahuwa ta shagon ko ambatonta ba ta yi ba. A zuba kwaɓin a tsakiyar ƙyallen, a ɗaure da zare gam, amma a bar sararin yatsu biyu a sama don kumburi. In ba a bar sararin ba, ƙyallen ya fashe ko cikin ya dunƙule.

A kifa faranti a gindin tukunya kada kulutin ya kama. Takardar ta ce awa 2, wanda bai isa ba ko kusa. Awa 3 zuwa 3 da rabi yake so a wuta mai sauƙi. In ruwa ya ja, tafasasshe ake ƙarawa, na sanyi yana tsayar da dahuwa. Bayan an sauke, a tsoma ƙullin a ruwan sanyi daƙiƙa 10 don ƙyallen ya saki, a kwance, a ajiye kusa da garwashi minti 15 har fatar ta bushe ta yi sheƙi.

Ledar ta cancanci saye, muddin za a biya ta wajen mahauci da mai yadi.