Bugera PS1 da fedal ɗin bolim, wanne ke rage ƙarar ampli da gaske?

Ƴan uwa masu kaɗa gita a nan Maradi, tunda ana ta tambayata kan ɗan akwatin nan da ke bisa amplina to ga bayani. Sunansa Bugera PS1, atenuwatar ne, wato akwatin da ke rage ƙarfin da ampli ke tura wa bafil (lasifika), kuma tun yanzu in gaya muku, in amplinku na taranzisto ne ku riƙe kuɗinku, bolim ɗin da ke jikinsa ya ishe ku. Abin nan na masu ampli mai lamp ne, wato mai ƙwayayen gilas da ke ƙara ƙarfin sauti a cikinsa.

Halin ampli mai lamp ai kun san shi, ba ya ba ka wannan gurnanin mai daɗi irin na ƴan gitar Agadas sai ka buɗe shi sosai lamp ɗin ƙarshe, masu tura ƙarfi zuwa bafil, sun ji jiki, kai kuma kana gidan haya a Zariya ko Ali Ɗan Sofo, katanga ɗaya da maƙwabta, ga masallaci bakin layi, wa zai bar ka ka buɗe wat 50 bayan isha'i? Kuma masu cewa a sayi mai wat 25 a huta, kunne ba haka yake lissafi ba. Raba ƙarfin ampli biyu desibel 3 kawai yake ragewa a ma'aunin ƙara, sai ka sauko daga wat 50 zuwa 5 kafin ka ji kamar ƙarar ta koma rabi.

Shi PS1 tsakanin ampli da bafil yake zama. Ampli na can yana aiki da dukan ƙarfinsa, akwatin ya shanye mafi yawa ya maida shi zafi, ɗan abin da ya rage ya miƙa wa bafil. Ba ya buƙatar kuran ko batir, yana ɗaukar har wat 100, kuma abin da ya fi burge ni yana da ramin om 4 da 8 da 16 duka (om ɗin nan lambar da ke jikin ampli da bafil ce, wadda dole ta dace), ba kamar wani atenuwatar mai suna THD Hot Plate ba da kowane om da nasa akwatin. Akwai ma wurin da za ka ja sauti kai tsaye zuwa tebirin sono ko kwamfuta, mai ɗaukar waƙa a ɗaki zai ji daɗin wannan. Ni dai in na murɗa shi zuwa tsakiya, gitar na kuka yadda nake so amma mutum na iya yi mini magana in ji.

Sai dai kar a yaudari kai. Kowane atenuwatar in ka shaƙe shi ƙasa ƙwarai sautin yana dushewa, siririn saman nan ya tafi, don bafil ɗin da kansa ba ya motsi yadda ya kamata, sai ka ɗan ƙara tirebul. Sannan lamp ba su san ka rage komai ba, suna cin wuta kamar kana filin biki, kenan za su tsufa da wuri, kuma lamp ba abin da za ka shiga babbar kasuwa ka ɗauko ba ne, sai ka yi saƙo Kano ko Yamai. Ga zafi. A watan Afirilu da garin ke wuce digiri 40 kar ka kuskura ka ɗora masa riga ko ka cusa shi bayan ampli, bar shi ya sha iska.

To fedal fa? Nan ne mutane ke ruɗewa wallahi, suna ganin ai duk rage ƙara ne. Fedal ɗin bolim irin Boss FV-500H ko Ernie Ball VP Jr, in ka sa shi tsakanin gita da ampli abin da ke shiga yake ragewa, kana ɗaga ƙafa gurnanin na tafiya tare da ƙarar, sauti ya koma fes. Wajen biki wannan alheri ne, mawaƙi ya shigo ka lafa, ya yi shiru ka taka, hannunka bai bar waya ba. In amplinka na da lup a baya, wato ramukan da ke tsakanin ɓangaren farko na ampli da lamp ɗin ƙarshe, sa fedal ɗin a can, zai riƙe kaushin da ɓangaren farko ya yi ya rage ƙara, amma lamp ɗin ƙarshe dai hutawa suke, ba irin sautin atenuwatar ba ne ko kusa. A duba lambar om ɗin fedal kafin a saya, 250k na gita marar batir ne, 25k na lup ko gita mai batir. Kuma da hunturu a riƙa rufe shi da leda, ƙura na shiga ciki ka ji yana ƙarr-ƙarr duk takawa.

Abu biyu don Allah. Kar wani ya ce zai yi dabara ya sa fedal tsakanin ampli da bafil, ba a yi shi don ɗaukar wannan ƙarfin ba, zai ƙone kuma ya tafi da taransifo ɗin ampli, haka ma kunna mai lamp ba bafil ba atenuwatar a haɗe. Na biyu fil, daga ampli zuwa PS1 zuwa bafil fil ɗin bafil mai kauri ake sawa, ba na gita ba ko da kawunansu iri ɗaya ne, guda biyu za ka buƙata, ka haɗa su cikin saƙon tun farko.