Salah ko Mane: wa ya fi?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Mohamed Salah da Sadio Mane wa ya fi taka rawa a Turai. In dai ƙwallaye za a ƙirga, ba sai an ja zance ba, Salah ne. A kakarsa ta farko a Liverpool, 2017/18, ya zura 32 a Firimiya kaɗai, kuma ya ɗauki takalmin zinare har sau huɗu. Mane sau ɗaya ya same shi, a 2019, shi ma rabawa suka yi da Salah da Aubameyang, kowa da 22. Abin da ke ƙara burge ni da Salah shi ne Chelsea ta ajiye shi a benci, ta tura shi aro Italiya, ya je Roma ya gyara kansa, ya dawo Ingila ya ba kowa mamaki.

Mane kuwa hanyarsa ta bi ta Metz, Salzburg da Southampton, inda ya ci Aston Villa uku cikin minti 2 da daƙiƙa 56 a 2015. Amma wanda ya kalle shi a Liverpool ya san aikinsa ya wuce zura ƙwallo. Yana dawowa baya ya ƙwace ƙwallo, a sa shi hagu ko tsakiya ya yi ba musu. Bayan ya tafi Bayern a 2022 bai sake yin irin wancan tashe ba, shekara ɗaya ya wuce Al-Nassr, yayin da Salah ya zauna ya sake cin Firimiya a 2025.

To amma ka tuna daren wasan ƙarshe na kofin Afirka a Yawunde, Fabrairun 2022, tsakanin Senegal ta Mane da Masar ta Salah. Mane ya ɓarar da fenariti tun farkon wasa, mai tsaron gidan Masar Gabaski ya tare. Da aka zo bugun daga kai sai mai tsaron gida, Mane ne ya ɗauki ƙwallon ƙarshe, ya ajiye ta, ya ba Senegal kofinta na farko. Salah bai ma samu damar bugawa ba. A ƙarshen watan Maris a Dakar suka sake haɗuwa neman gurbin kofin duniya, aka sake zuwa bugun daga kai sai mai tsaron gida, Salah ya buga sama, Mane ya sake ci.

Ni dai in ka ce in ɗauki ɗaya a wasan da ba a son kuskure, Mane zan ɗauka.