Littafi, Excel ko Manhaja: Wanne Ya Dace da Kasuwancinka?

Kafin ka tambayi farashin kowace manhaja, zauna ka gwada amsa waɗannan tambayoyi ba tare da ka tashi daga kujera ba. Wane kaya ne ya kusa ƙarewa a sito? Su wa ke riƙe da bashinka, kuma tun yaushe? A watan jiya riba ka ci, ko kuwa kuɗi ne kawai suka yi ta shiga suna fita? Duk wanda zai iya amsawa cikin minti biyar yana da tsarin adana bayanai, ko da littafi ne da biro. Wanda kuwa sai ya kira ma'aikaci, ya zazzage tarin rasit, ya yi ta lissafi da ka, shi ne ke buƙatar sayen wani abu, kuma da shi nake magana.

Abin da masana ke kira tsarin bayanai ya haɗa na'ura da mutanen da ke shigar da bayanin da kuma yadda aikin ke tafiya a tsakaninsu. Na'urar ita ce mafi sauƙin samu. A 1987 masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Robert Solow, ya lura cewa ana ganin kwamfuta a ko'ina amma ba a ganin tasirinta a alƙaluman abin da ma'aikata ke samarwa. Ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar daga baya shi ne kamfanoni sun sayi na'urori, amma sun ci gaba da aiki yadda suka saba. Haka abin yake har yau ga ƙaramin ɗan kasuwa.

Littafi ba abin rainawa ba ne. Tsarin rubuta kowane ciniki sau biyu, inda kuɗi ya fito da inda ya shiga, masanin lissafi Luca Pacioli ya bayyana shi a Italiya tun 1494, kuma a kansa aka gina yawancin manhajojin lissafi na yau. Littafi ba ya son wuta, ba ya son intanet, ba a biya masa kuɗin wata. Idan kai kaɗai ne, kayanka kala kaɗan ne, bashi ba ya da yawa, riƙe littafinka. Aibinsa shi ne kwafi ɗaya tak gare shi, kuma ba ya faɗa maka komai sai abin da ka zauna ka tara da kanka.

Mataki na gaba shi ne jadawalin lissafi na kwamfuta. VisiCalc ce ta fara a 1979, Excel ta biyo a 1985, Google Sheets ta zo a 2006, ga kuma LibreOffice Calc wadda kyauta ce. Ina ƙaunar wannan mataki, domin shi ke koya wa mai kasuwa abin da yake buƙata. Wanda ya yi wata shida yana cike jadawali da hannunsa ya san ko yana son ganin ribar kowane kaya daban, ko ranar lalacewar kaya, ko bashin kowane abokin ciniki. Ranar da zai je sayen manhaja, ba mai yi masa daɗin baki. Tsakanin Excel da Google Sheets bambancin a fili yake. Excel ta fi ƙarfi wajen babban lissafi kuma tana aiki ba intanet. Google Sheets ta fi daɗi idan mutum biyu ko uku za su riƙa rubutu a wuri ɗaya, tana kuma ajiye tarihin duk canjin da aka yi, ka ga wanda ya taɓa da lokacin da ya taɓa.

Sai dai jadawali ba ya da mai gadi. Na taɓa zama ina duba na wani kamfanin sayar da kayan gyara, jimillar cinikin mako ta tsaya cak a lamba ɗaya har mako uku. Da na danna gidan jimillar sai na ga babu ƙa'idar tarawa a ciki. Wani ya rubuta lamba a kanta da hannu, ya shafe ta, ba da niyyar cuta ba, kuma babu abin da ya yi ƙara ko ya canja launi. A cikin wannan jadawali kaya ɗaya yana da suna uku, kowane ma'aikaci da yadda yake rubuta shi, saboda haka lissafin abin da ya rage a sito ya rabu gida uku. Irin wannan ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai yake samu ba. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin korona na mutum 15,841 bai shiga alƙalumanta ba, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar sama da layi 65,536. Abin da ya wuce iyakar ya zube a shiru. Da zarar masu shigar da bayani sun wuce biyu, ko kayan sun kai ɗaruruwa, jadawali ya fara zama haɗari.

A nan ne ake shiga kasuwar manhajojin da aka riga aka ƙera, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin iri biyu ne ana ɗaukarsu ɗaya. Akwai manhajar teburin sayarwa, irin su Loyverse da Square, wadda aikinta shi ne lokacin ciniki: a zaɓi kaya ko a haska layukan da ke jikinsa, ta fitar da rasit, ta rage adadin daga sito nan take, ta rubuta sunan ma'aikacin da ya sayar. Akwai kuma manhajar akanta, irin su QuickBooks da Xero da Zoho Books, wadda aikinta shi ne bayan ciniki: takardar neman biya, bin bashi, kuɗin da aka kashe, daidaita lissafi da na banki, rahoton riba da hasara. Idan ciwonka ɓatan kaya ne da rashin sanin abin da ya rage, ta farko ce maganinka. Idan aiki kake yi wa mutane su biya daga baya, ko kana sayarwa a sari kan bashi, fara da ta biyu. Mai buƙatar duka biyun ya tabbatar suna iya miƙa wa juna bayani, in ba haka ba zai koma rubuta komai sau biyu, abin da ya gudo daga gare shi ke nan. A kuma duba ko manhajar na aiki a ƙasar da kake. Square, alal misali, a ƙasashe ƙalilan take karɓar biya, kuma ba kowace manhajar akanta ce ta san kuɗin ƙasarka da tsarin harajinta da bankunanta ba.

Tambaya ta gaba ita ce inda bayanan za su zauna, a kwamfutarka ko a rumbun kamfanin ta intanet. Wadda ake sakawa a kwamfuta wani lokaci sau ɗaya ake biya, tana aiki ko babu intanet, bayananka suna hannunka. Nauyin tsaronsu ma yana wuyanka. Idan kwamfutar ta mutu, ko aka sace ta, ko ƙwayar cuta ta kulle ta kamar yadda WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017, abin da ka ajiye a wani wuri shi kaɗai zai cece ka. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko za ka iya yin haka duk mako.

Ta intanet tana ɗauke maka wannan nauyi. Kamfanin ke ajiya, shi ke sabuntawa, kana iya duba cinikin yau daga wayarka kana wani gari. A madadin haka kai ɗan haya ne, duk wata za ka biya, ranar da ka daina kuma ƙofa na iya rufewa. Kada ka kwatanta kuɗin wata ɗaya da kuɗin saye. Lissafa na shekara uku, ka haɗa da abin da ake ƙarawa kan kowane ma'aikaci da kowane reshe, domin nan ne farashin ke ɓuya. Ka duba kuma a wane mataki aka sa abin da kake so. Sau da yawa na kyauta yana yin ciniki da rasit, amma iyakance abin da ma'aikaci zai gani ko cikakken lissafin sito sai an biya. A ganina yawancin ƙananan 'yan kasuwa sun fi tsira da ta intanet, da sharaɗi ɗaya: ta ci gaba da karɓar ciniki idan intanet ta yanke, ta tura bayanan in ta dawo. Kada ka yarda da faɗar mai talla a kan wannan. Gani ya kori ji. Kashe data a gabansa, sayar da kaya biyar, kunna, ka ga ko sun shiga.

Manyan tsare-tsare da ake kira ERP, masu haɗa saye da sayarwa da sito da albashi da sarrafa kaya a wuri ɗaya, na masu rassa da yawa ne ko masana'antu. SAP ta Jamus, wadda tsofaffin ma'aikatan IBM biyar suka kafa a 1972, ita ce babbar yaya a fagen. Odoo ta Beljiyam da ERPNext ta Indiya suna da nau'in da ake saukewa kyauta, amma kyautar ta tsaya a manhajar. Girkawa da daidaitawa da koyar da ma'aikata duk da kuɗi. Babban darasi a nan shi ne na kamfanin kantuna na Lidl, wanda ya shafe shekara bakwai yana ƙoƙarin komawa kan SAP, ya kashe abin da rahotanni suka ƙiyasta da kusan yuro miliyan 500, sannan ya haƙura a 2018. Daga cikin abin da ya jawo haka, kamfanin yana ƙimanta kayansa da farashin saye, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa, sai aka yi ta lanƙwasa manhajar maimakon a sauya hanyar aiki. Kowace manhaja tana zuwa da nata tunanin yadda ake kasuwanci. In ya yi nisa da naka, nemi wata.

Batun a sa wani ya ƙera maka taka ta musamman, ba na ba da shawararsa sai idan ka gwada na kasuwa ka tabbatar babu wadda ta san irin aikinka. Manhaja kamar gini take, tana son gyara muddin ana zaune a cikinta, kuma ranar da maƙerin ya samu wani aiki ko ya daina ɗaga waya, kai ne a rana. In ba makawa, a rubuta a yarjejeniya cewa asalin rubutun manhajar da kalmomin sirrin rumbun duk mallakarka ne, a kuma miƙa maka su kafin cikon kuɗi.

Duk wannan kwatance zai tashi a banza idan mai tsayuwa a teburin sayarwa bai karɓi abin ba. Binciken da masanin tsarin bayanai Fred Davis ya wallafa a 1989 ya nuna abu biyu ne ke sa mutum ya rungumi sabuwar fasaha: ya ga tana da amfani ga aikinsa, ya kuma ga tana da sauƙi. Duba shi a aikace. Mutum shida na tsaye a layi, na gaba yana miƙo kuɗi, manhajar kuwa tana son a danna wuri takwas kafin rasit ya fito. Ma'aikacin zai karɓi kuɗin ya ce zai shigar anjima, anjima kuma ba ta zuwa. Bayan wata biyu abin da ke allo daban, abin da ke kan kanta daban, kowa ya ce manhajar ba ta da kyau. Saboda haka a lokacin gwaji na kyauta, miƙa ta ga ma'aikacin da ya fi kowa tsoron na'ura, ka tsaya a gefe ka ƙirga dannawar da ciniki ɗaya ke ci. Ka kuma yi musu bayani ƙeƙe-da-ƙeƙe cewa kowa zai samu lambar shigarsa. Wasu za su ɗauka zarginsu kake, alhali wannan lamba ita ce ke wanke mai gaskiya ranar da kaya suka ɓata.

Abokin ciniki ma yana da rabonsa. Yana samun rasit, farashi ba ya canjawa da canjin mai sayarwa, idan ya tambayi ko akwai kaya ana ba shi amsa nan take, lissafin bashinsa kuma ba ya zama gardama. WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana taimakawa wajen baje kaya da amsa saƙo, amma ba littafin lissafi ba ce, oda da ta nutse cikin hira ta ɓata. Lambar wayar mutum da tarihin abin da yake saye amana ce a hannunka. Zaɓi manhajar da za ta bar ka ka hana kowane ma'aikaci kwashe jerin sunayen, kada kuma ka karɓi bayanin da ba ka da aikin yi da shi.

Kafin ka biya ko sisi, nemi ƙofar fita. Shigar da kaya ashirin da ciniki goma na gwaji, sannan ka sauke su duka a fayil ɗin Excel ko CSV (sassauƙan fayil ɗin jadawali da Excel ke iya buɗewa), ka buɗe ka gani ko sunaye da farashi da kwanan wata sun fito daidai. Manhajar da ba ta barin ka fitar da bayananka, ko take neman kuɗi kafin ta ba ka su, bar ta komai kyanta. Idan ka zaɓa, fara a lokacin da kasuwa ta lafa. Ƙirga duk abin da ke sito da hannu a rana ɗaya, daidaita sunan kowane kaya ya zama guda, shigar da tsofaffin basussuka, sannan ka ci gaba da tsohon littafin tare da sabuwar manhajar har wata guda, kana kwatanta jimillarsu duk dare. Ranar da suka yi mako biyu a jere suna ba da lamba ɗaya, ka rufe littafin ka adana shi.