Shemiz ko waya: ina za mu aje aikin yara?

Salamu alaikum ƴan uwa malamai. Wata Madam mai riƙe da CM1 (aji biyar na firamare) a nan Tahoua ta yi tambaya shekaranjiya, ta ce a wani horo anka ce masu kowane yaro ya samu dosiyen aikinsa da za a riƙa tarawa tun Oktoba har Yuni, anka kuma ce na waya ya fi na takarda, ita ko yaranta 64 ne wayarta guda, shin ta shiga wannan wahala ko ta tsaya ga shemiz, wato kwalin nan da ake ninkawa a aje takardu ciki. Na ga amsoshi amma duk gajeru ne, to ga tawa Madam, ki yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Tukuna mu daidaita a kan abin da ake sawa ciki, don wasu sun ɗauka makin kompo, wato jarrabawar aji, ne za a kwafe cikin waya. A'a. Maki lamba ce kawai, 4 bisa 10 ba ya gaya maki mi ya hana yaro samun 7. Dosiye aikin ne da kansa, dikten (shifta) farkon shekara, redaksiyon (insha'i) guda, lissafin da ya kasa da wanda ya gyara daga baya, taswirar da ya zana, kowanne da kwanan wata a kai don a aza na Oktoba kusa da na Maris a gani da ido. Kuma ba komi ake zubawa ba, zaɓe ake yi, yaron kuma yana cikin masu zaɓen. Wanga batu na zaɓe shi ne ma'aunina a duk abin da zan faɗa.

Shemiz dai ba ya son sharji ba ya son rezo ba ya son forfe, a saya sau ɗaya an gama, in ma babu kuɗi babbar takarda a ninka biyu ta wadatar. Amma babban abin da ya fi waya da shi, yana hannun yaro. Ki gwada ranar Juma'a ki raba masu ki ce kowa ya fiddo diktensa na farko da na wannan mako ya shimfiɗa bisa tebur, sai ki ga yaro ya sa yatsa yana ƙirga jan bik, nan goma sha ɗaya nan biyar, ya juya ya nuna ma na kusa da shi ba wanda ya ce ya yi. Duka ajin na yin haka a lokaci guda cikin minti goma. Da waya guda ba za ki taɓa samun wannan ba, sai dai su yi layi bayanki suna leƙe.

Aibinsa kuwa mun san shi. Gara, ƙura, ɗigon ruwa, ga akuya in ƙofa ba ta rufuwa. Mai ajin siminti da armuwar mai makulli ba shi da babbar damuwa, amma mai ajin zana da ake kwancewa kafin damina ina zai aje shemiz 64, sai dai akwatin ƙarfe a ofis ɗin direkta ko ya ɗauka gida bisa moto. Kuma kwafi ɗaya ne tak, in ya tafi ya tafi. Sannan takarda ba ta riƙe murya.

Nan ne waya ta yi zarra, kuma a ganina saboda wannan kaɗai ma ta cancanci a sha ɗan wahalarta. Karatu a bayyane ba shi da wurin zama cikin shemiz. Ki ɗauki muryar yarinya minti ɗaya tana karanta sakin layi a Oktoba, tana tsayawa a kowace gaɓa tana komawa baya tana haɗiye ƙarshen kalma, ki sake ba ta wannan sakin layin a Fabrairu ki ɗauka, sai ki kunna mata su a jere. Ba sai kin yi bayani ba, ita da kanta za ta rufe fuska tana dariya ta ce wai ni ce waccan. Haka aikin allo, rabin abin da yaranmu ke yi bisa ardwaz suke yinsa, a ɗaga a duba a goge, yaro ya yi lissafin rabawa mai kyau karo na farko a rayuwarsa bayan daƙiƙa biyar tsumma ya cinye ta. Hoto guda ya tsare ta.

Sai batun iyaye, mu nan Adar kun san yadda gidaje suke, uba yana Abijan ko Libiya ko Aljeriya wajen bida, uwa na gida kuma da yawa ba su karanta Faransanci. In kinka aika shemiz gida za a duba jan bik a ce to madalla a maido. Amma murya kowa na jin bambanci ko bai san mi ake karantawa ba, ya san mai tuntuɓe ya san mai tafiya sumul. Uban da ke nesa ya ji ɗiyarsa na karatu cikin wayarsa, wallahi ya fi duk wata takardar sakamako da za ki rubuta masa.

Wahalar waya kuma ba ƙarama ba ce, kar wani ya ruɗe ki. Lokaci ne na farko, in kowane yaro ya ci minti biyu tsakanin ɗauka da sa suna, 64 sun cinye fiye da awa biyu, a ina za ki samo su. Ga wayar taki ce ta kanki mai hotunan suna da biki, ga zafin Afrilu da Mayu lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa batir na narkewa kamar man shanu a rana, ga sata ga faɗuwa. Kuma in ba a yi hankali ba dosiyen sai ya zama na malama, yaro bai zaɓa ba bai gani ba, an dai ɗauki hoton kayensa an wuce.

To in za a yi na wayar, cikin mi? Nan ma akwai bambanci sosai.

WhatsApp kowa na da shi kuma iyaye sun iya shi, don aikawa babu kamarsa. Amma ba ma'aji ba ne. Yana matse hoto, rubutun fensir sai ya dushe in ba ki aika shi a matsayin dokima ba, bayan wata uku ki nemi dikten yaro guda cikin ɗaruruwan saƙonni ki ga yadda ido zai yi, in waya ta ɓace kuma ba ki yi ajiyar kariya ba shi ke nan. Kuma don Allah kar a zuba aikin yara cikin gurup na iyaye, wanda ɗansa ke baya zai ji kunya a gaban maƙwabta, dukan kuma yaron ne zai sha.

Google Drive shi ne ya fi kama da armuwar. Ana ba da giga 15 kyauta, amma ki sani tare ake lissafinsu da Gmail da Google Photos, shi ya sa gara a buɗe adireshi sabo na ajin kaɗai. Jaka ɗaya ga kowane yaro, sunan kowane abu ya fara da wata da irin aikin, misali 2025-10 dikte, sai su jeru da kansu. Lissafin wuri ba abin tsoro ba ne, hoto biyu a wata ga yara 64 cikin wata 9 ya kama 1152, ko kowanne mega 3 ne ba su kai giga 4 ba, murya kuwa ta fi hoto sauƙi nesa. Akwai ma wurin sikan a cikinsa da ke gyara takarda ta fito fes ya maida ta PDF. Ana iya ɗauka a aji ba intanet a bari sai an samu rezo mai kyau a ɗora. Matsalarsa iyaye da yawa ba su saba buɗe shi ba, sai ki aje a Drive ki aika ma uba ta WhatsApp shi kaɗai.

Google Classroom da Seesaw kuwa an gina su ne da tunanin yaro na da na'ura a gabansa. Classroom ya fito tun 2014, ya fi ƙarfi wajen ba da aiki da karɓa, kuma kowane ɗalibi sai da adireshin Google, wanda a ƙa'ida ba a buɗe ma ɗan ƙasa da shekara 13 na kansa ba tare da iyaye ko makaranta ba. Seesaw daga Amurka yake, don irin wannan dosiyen anka yi shi, yaro ya ɗauki hoton aikinsa ya yi magana a kai. Ga lise ko makarantar kuɗi a Yamai mai tablet da wifi, bismilla. Ga CM1 mai waya guda ban ga amfaninsu ba.

Da ni ce ke Madam (ko da yake ni mushe ne, wato malami namiji), shemiz ga kowa da kowa, shi ne gindi, yaro ya zaɓi aiki biyu a wata ya rubuta layi ɗaya a baya ya faɗi dalilin zaɓensa. Waya kuma a bar mata abin da takarda ta kasa, murya sau uku a shekara da hoton allo jefi jefi, ki fara da goma da sunka fi rauni a karatu ki ɗauke su lokacin rekreyasiyon bibbiyu, in kin ga ya zauna ki ƙara.

Kafin ki danna komi ki gaya ma direkta, a faɗa a taron COGES (kwamitin tafiyar da makaranta) da na iyaye mata su yarda, don muryar yaro da sunansa bayanan sirri ne, ƙasarmu na da doka a kai tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita. Ki ɗauki takarda da hannu, fuska ba dole ba ce, balle ta ƴan mata. Lambar sirrin adireshin kuma ki rubuta ki ba direkta cikin ambulan, in afektasiyon, wato canjin wurin aiki, ta ɗauke ki zuwa Keita ko Abalak tsakiyar shekara mai CM2 (aji shida) na baɗi ya samu abin buɗewa.