Tsakanin kalkuletocin Casio fx-991EX da fx-82MS, wanne zai fasa maka babbar lamba?

Ɗan'uwa, ɗauki fx-991EX, kada ka tsaya dogon tunani. Shi nake riƙe da shi, kuma maɓallin FACT ɗinsa kaɗai ya fanshi kuɗinsa. Ka buga lamba, ka danna =, sannan SHIFT da FACT, sai ya fasa maka ita zuwa firam-firam ɗinta, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Yana karɓar lamba har mai gida 10.

Wata rana a darasin yamma na rubuta wa yarana 4,294,967,297 a allo. Masanin lissafi Fermat ya zaci firam ce, sai a 1732 wani masanin, Euler, ya nuna 641 tana raba ta daidai. Na miƙa wa wata yarinya kalkuletan, kafin in goge allo ta ɗaga hannu: 641 sau 6,700,417. Ajin ya kaure da shewa, har da masu barci a baya.

Sai dai ka kula da baka biyu, wato alamar ( ) a amsar da kalkuletan ya bayar. In ya saka wani ɓangare a ciki, nufinsa nan ƙarfinsa ya ƙare, bai ce maka firam ba ce. Gwada 2,147,483,647, wato 2 guda 31 a ninka su da juna a cire 1. Wannan firam ce ta gaske, Euler ya tabbatar a 1772, kuma a baka zai ba ka ita. To, 1,022,117 ma haka zai yi mata, alhali 1009 sau 1013 ce. Bambance irin waɗannan biyun aikinka ne, da biro da takarda.

Shi kuwa fx-82MS, to, yana tarawa yana ɗebewa, yana da ƙarko, kuma ya fi araha. FACT ne babu. Sai ka zauna kana rabawa da 2, 3, 5, 7 har ka gaji.

Abin da ba ka tambaya ba: jabu sun cika kasuwa, kwali ɗaya, rubutu ɗaya, mai shago na rantsuwa orijina ne. Kada ka biya sai an buɗe a gabanka. Buga lambar Fermat ɗin nan, ka ga 641 ta fito. In ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, wuce shago na gaba.