Godox XPro ɗin da na sayo, buki ɗaya ya isa in yi magana

Salam 'yan uwa masu hoto. Da ma na ce ba zan buɗe baki a kan wannan ɗan abin da ake ɗorawa a saman kamara yana harba fulash daga nesa ba sai na shiga buki da shi, to ranar Asabar na yi aiki a wani gida cikin Birni a Damagaram, irin tsofaffin gidajen nan masu katanga mai kauri da ɗakin amarya duhu ko da rana tsaka.

Fulash uku na kafa, AD200Pro a tsakar gida cikin lema na ba shi gurup A, sai V860III biyu, ɗaya B bakin ƙofar ɗakin amarya, ɗaya C can baya don ya fidda min gyale da lalle daga duhun katanga. Wanda ya saba aikin buki a Damagaram ya san wahalar da, ka ɗauka ka ga haske ya ƙone fuska, sai ka kutsa cikin mata kana Hajiya a gafarce ni, Inna ɗan matsa, ka je ka rage ka dawo, kafin nan amarya ta rufe fuska ƙawaye sun watse. Wallahi ranar ko taku ɗaya ban yi ba. Ina tsaye na danna B a saman kamara na murza daga 1/8 zuwa 1/16, haske ya ragu rabi, na kashe C gaba ɗaya lokacin da tsofaffi suka cika wurin na sake kunna shi, duk da babban yatsa. Abin da ya fi burge ni maɓallin TCM, ka ɗauka da TTL, wato kamara ta auna haske da kanta, in hasken ya yi maka sai ka danna ka riƙe, ya maida maka shi manuwal lambar ta tsaya cak, farin leshi ko baƙar abaya ba su ƙara rikita maka lissafi.

Sai bayan magariba abu ya ɓaci. Fulash ɗina suka fara walƙiya ni ban taɓa komai ba, in na danna kuma AD200 bai gama caji ba hoto ya fito baƙi, kusan hoto goma na lokacin fito da amarya suka tafi haka, kuma wannan ba a maimaita shi. Ashe mai hoton dangin ango shi ma irin kayana gare shi, mu biyu duk muna kanal 1, wato tashar da na'urar ke magana da fulash, shi yake ta harba min fitilu. Kanal 32 ne a ciki, kuma akwai ID daga 01 zuwa 99 da za ka sa iri ɗaya a kan na kamara da kowane fulash, ba wanda zai ƙara shiga maka. Shi mai hoton angon ne ma ya nuna min, Allah ya saka masa, minti biyu muka gyara.

Amma raina har yanzu a ɓace yake da mai shagon da ya sayar min a Kano. Na biya kuɗin mota, na yi canjin sefa, na zauna gabansa na tambaye shi ƙarara ko akwai abin da ya kamata in sani, ya ce Alhaji ka sa pil biyu kawai ka yi aiki. Takardar bayani babu a kwali, pil ɗin da ya ba ni kyauta kuwa ko la'asar ba su kai ba, sai da na tura yaro kan kabu-kabu ya nemo wasu. Har kuɗi na rage wa uwar amarya saboda kunya.

Na'urar dai ina sonta, wani ma zan ƙara saboda kamara ta biyu kafin hawan Sallah, amma ba a wannan shagon ba. Nawa yanzu kanal 17 suke, wanda muka haɗu a buki don Allah ya kauce masa.